Ihu Sai a Ƙarshe

Shekara ashirin da shida na yi ina cin abinci da muryata kafin Marva ta taɓa tsayawa gaban makirfo. Da wannan na fara don kada wani ya ce haka kawai na tashi da baƙin ciki. Duk wanda ya girma a Port of Spain, babban birnin tsibirinmu, ya san muryar Verlyn Quashie ko da bai san fuskarta ba. Ni ce matar da ke rantse muku a rediyo cewa sabulun nan ba ya cin hannu. Ni ce uwar miji mai masifa a wasan ƙarfe biyu na rana. Shekara uku cur na yi a Toronto ina ɗora wa katun murya, cikin sanyin da ke tsaga leɓe, har na iya Turancinsu na hanci. Da na dawo gida, duk tsibirin nan babu wanda ya san wannan aikin kamar ni, kuma ba cika baki nake ba.

Marva ƙanwata ce, ciki ɗaya, shekara huɗu na ba ta. Tela ce a unguwar Belmont, a gidan da Mama ta bari. Kayan 'yan makaranta take ɗinkawa, in bikin Kanival ya matso ta koma liƙa gashin tsuntsu da ƙyalƙyali a kayan 'yan rawa. Kama dai ba mu yi ba, ita doguwa ni gajeriya, amma murya ɗaya Allah ya raba mana. A waya ko mazajenmu ba sa gane wa ke magana. Mama kaɗai ke bambance mu, tana cewa tawa ta sha guga, ta Marva kuwa yadda aka ciro ta daga igiyar shanya take. Mama ta rasu, ta tafi da wannan kunnen nata.

Tun rasuwar, kullum ƙarfe shida na safe sai wayata ta yi ƙara.

"Yaya, kin mutu ne ko kina nan?"

"Ina nan, sai na binne ki."

Gaisuwarmu ke nan. Wani lokaci daga haka sai ta kife wayar ta koma kan kekenta. Shekara tara ba ta yi fashi ba, ko da safiyar Kanival.

A 1998 tashar talabijin ta sayo wani katun na Japan, na faɗa da takubba, kashi hamsin da biyu. Amurkawa ba su so shi ba, saboda haka babu Turanci a kansa, mu za mu ɗora, a nuna a nan a kuma kai Barbados da Grenada da Guyana. Takobin Tsawa aka sa masa. Jarumin wani ɗan shekara goma sha uku ne, Saburo, mai gashi a tsaye kamar ya taɓa wayar lantarki. Duk sanda ya ɗaga takobin sai ya kwarara ihu, baki a buɗe sakan goma sha biyu, duwatsu na farfashewa. Irin waɗannan jaruman mata manya ke yi musu murya, don yaro na gaske tasa za ta fashe kafin a kai rabi. Ina ganin hoton Saburo na ce, to Verlyn, ga abin da kika sha sanyin Toronto dominsa.

Ranar gwaji motata tana wurin makanike, sai Marva ta kai ni. Situdiyon yana Woodbrook, a saman kantin wani ɗan China. Ta zauna kan benci a bakin ƙofa tana cin doubles, soyayyar wainar fulawa mai wake a tsakiya, romon na bin hannunta, ni na shiga. Darakta Wendell Boodram ne, wanda tallar lemo da ta inshora kawai ya taɓa yi. Injiniya kuma Rawle, shi rayuwarsa duk a ɗaukar waƙoƙin kalifso ta ƙare. Na karanta musu layi goma ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, bakin Saburo na rufewa ina rufe nawa. Wendell har tafi ya yi min.

Muna fitowa sai muka ji ginin ya amsa.

"Kai! Kai ɓarawo! Sauke min mota ko in sauko in sauke ka!"

Marva ce, rabin jikinta a waje ta taga. Motar jan motoci ce ta maƙale tata, don ta ajiye inda aka hana. Ta bi shi da wani dogon ihu har karnukan layin suka ɗauka. Kunya ta kama ni, na ce, "Ke Marva, wurin aiki ne nan, ba kasuwar kifi ba."

Wendell bai ko ji ni ba. Ya dubi Rawle, Rawle ya dube shi.

"Tanti Verlyn, wace ce wannan?" in ji Wendell. Tanti muke ce wa babbar mace a nan.

"Ƙanwata ce. Tela ce." Na danna telar sosai don ya ji.

Ya wuce ni ya tsaya gabanta. "Tanti, don Allah ko za ki ɗan shigo ki sake mana wannan a ciki?"

Washegari ya kira ni yana ta kame-kame. "Tanti Verlyn, taki fa ta yi kyau, kyan ne ma ya yi yawa. Ana jin gwana ce ke kwaikwayon yaro. Ita kuwa yaron ne kawai." Ya ce ya ajiye min Oshizu, tsohuwar mayyar da ke farautar Saburo, da muryoyin taro: mai sayar da kifi, matar da ke gudu da jariri, soja na uku. Soja na uku! Ni Verlyn!

Na ce na gode, na ajiye wayar na zauna. Ba zan yi wa abin kwalliya ba, hassada ce ta cika min ciki har na kasa cin abinci. Da baƙuwa ce ta karɓe, da na ce ta fi ni wani abu, na haƙura. Amma muryata ce, tawa sak, a bakin wadda ba ta taɓa shan wahalar kwana ɗaya a kanta ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji mutane, to ni nawa a gidanmu ya tsiro.

Da yamma sai ga ta, da tef ɗin awo a wuya.

"Yaya, ni fa ban nema ba. In ranki bai so ba in ce musu a'a, ɗinki ma ya ishe ni."

"Haba, wane irin bai so ba? Arzikinki ai nawa ne."

Ta rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. "To sai kin koya min, don ko takardar ban san ta inda ake riƙewa ba."

Kuma na koya mata. A wannan aikin kowa shi kaɗai yake shiga ɗaki, daga shi sai hoto a gabansa da abin ji a kunne, darakta da injiniya suna bayan gilashi. Za ka ji ƙara uku, ƙit, ƙit, ƙit, inda ta huɗu za ta faɗo nan za ka fara magana. Na koya mata wannan. Na koya mata kallon leɓen Saburo maimakon takarda, da juya shafi ba a ji ba, da cire awarwaro kafin a shiga. Na koya mata Turancin hanci, don tashar ta ce ba ta son yara su ji jarumi yana magana kamar mai tura baro a Charlotte Street. Komai na koya mata, ban da abu ɗaya.

Ihu sai a ƙarshe. Shi ne abin da aka fara gaya min ranar da na taka situdiyo a Toronto. Ka gama duk maganganunka tukuna, murya ta yi ɗumi, sannan ka zo kan ihu. Daga ciki ake turo shi, ba daga wuya ba. Sau uku ne, in bai yi ba a bar shi sai gobe, ko darakta zai yi kuka. Bayan nan ruwan citta da zuma mai ɗumi, da kame baki sauran yinin. Wendell bai san wannan ba, Rawle bai sani ba. Shi Wendell ma da ihun yake so a fara, wai tun tana da ƙarfi, kuma sai ya sa ta maimaita sau shida, sau takwas, har ya ji gashin jikinsa ya tashi. Ranar farko na ce bari ta ɗanɗana ta san aikin ba cin doubles ba ne, gobe na gaya mata. Goben ta zo na ce jibi.

Abin haushin, ta iya. A kashi na bakwai akwai inda abokin Saburo ya faɗa rami, Saburo ya leƙa, takarda ta ce ya tambaye shi ko yana lafiya. Marva ta leƙa makirfo kamar ramin ne ta ce, "Kai, ka mutu ne ko kana nan?" Rawle ya yi dariya har ya ƙware.

Na shiga na same ta. "Ba a ƙara wa takarda gishiri, Marva. Wannan ba ɗinki ba ne da za ki sa aljihu inda kika ga dama."

"Yi haƙuri, Yaya, bakina ne ya saba."

Wendell ya danna maɓalli daga bayan gilashi. "A bar shi haka, Tanti Verlyn. Ya ma fi zama a leɓen."

An fara nunawa wata Asabar ƙarfe tara na safe. Kafin Asabar ta huɗu, in ka fita layi a wannan lokacin ba ka ganin yaro ko ɗaya, ko aike ba sa zuwa. Ƙarfe tara da rabi sai su ɓarko waje da sandunan tsintsiya, kowa ya ɗaga tasa yana ihun Saburo, har malaman makaranta suka fara kai ƙara. Wata jarida ta gano cewa tela ce a Belmont, ta buga hotonta kan keke da almakashi a ɗage. Nawa sunan yana layin ƙarshe, kuma sun rubuta shi ba daidai ba.

Wata ranar kasuwa muka je sayen kifi tare. Yara suka yanyame ta.

"Tanti Saburo! Tanti Saburo, yi mana!"

"Ku rabu da ni, 'yan nema, kifi na zo saye." Amma sai ta miƙo min jakarta, ta ɗaga wani dogon rake daga teburin mai rake, ta saki ihun nan a tsakiyar kasuwa, da bushewar maƙogwaro, daga wuya. Na ji inda ya karce, ni kaɗai na ji. Kasuwa ta kaure da tafi, ni ina tsaye riƙe da jaka.

Mai kifin ta dube ni. "Ke ce yayar? An ce ke ma kina ciki. Wa kike yi?"

"Mayyar."

"Ai kuwa kin dace," ta ce, ta ƙara wa Marva kifi biyu gyara.

Wajen kashi na talatin kiran safe ya fara canzawa. Maganar dai ita ce, amma tana fitowa da ƙyar.

"Yaya, maƙogwarona kamar na haɗiyi ƙayar kifi. Sai wajen sha biyu yake sakina. Ke ma haka yake miki?"

Ga ƙofa ta buɗe min da hannunta. Kalma huɗu ta isa. Fulas ɗina na citta yana kan tebur a gabana ina kallonsa.

"Sanyin ɗakin ne," na ce. "Ki riƙa sa ɗankwali a wuya."

Ba wai ina so ta nakasa ba ne, Allah ya sani. So nake ta gaza. So nake wata rana ta buɗe baki a ji ba daɗi, Wendell ya waiwayo ya ce, Tanti Verlyn, ashe gaskiyarki. Iyakar abin da na roƙa ke nan, ko kuma iyakar abin da na yarda na gaya wa kaina.

Kashi na talatin da tara shi ne babban faɗa a bakin dutsen wuta. Ranar Talata na zo yin mayyata, na ga takardar aiki a liƙe a ƙofa. Marva ce da safe, kuma Wendell ya tattaro duk ihun kashin, da na baya da bai gamsu da su ba, ya jera su a farko. Na bi da yatsa na ƙirga, talatin da ɗaya. Na tsaya a wurin har ta fito daga banɗaki, da ɗankwalin da na ce a wuyanta.

"Yau akwai aiki, Yaya. Ki yi min addu'a."

"Allah ya taimaka," na ce. "Bari in je in sayo mana roti."

Na yi tafiyata har unguwar St. James, alhali akwai mai gurasar roti a ƙasan benen. Da na dawo na tarar da Rawle zaune kan matakala ya dafe kai. A na ashirin da biyu muryar ta yanke, ya ce, kamar an zare waya. Marva tana kan benci da hankici a baki, da ta cire na ga jini. Ta buɗe baki za ta ce Yaya, iska kawai ta fito.

Ni na kai ta wurin likita, ni na riƙe mata jaka. Ya leƙa da ɗan madubi ya ce jijiya ce ta fashe a kan tantanin murya, kuma wurin ya daɗe da rauni, ba na yau ba ne. Mako shida ba magana, ko raɗa. Bayan nan a gani, amma kada mu sa rai za ta dawo yadda take. A hanya na saya mata ɗan allo da alli irin na 'yan aji ɗaya. Abin da ta fara rubutawa shi ne, "Na gode Yaya."

Bayan kwana biyu Wendell ya kira. Saura kashi goma sha uku, ya ce, kuma talabijin ta kusa cim mana, Asabar ba ta jiran kowa. Duk duniya mutum ɗaya ce za ta iya shiga ba a gane ba. Sai dai tashar ta ce kada kowa ya sani, sunan Marva zai ci gaba da fitowa, don kada yara su ji an canza musu Saburo.

"Sai na yi tunani," na ce. Ban kai ga ajiye numfashi ba na ce, "To, na yarda."

Na yi rawa a kicin. E, na yi, da cokali a hannu, ƙanwata tana Belmont tana tofar da jini. Wanda bai taɓa jin irin wannan ba ya jefe ni.

Ko a wannan halin ba ta daina kira ba. Ƙarfe shida waya ta yi ƙara, in ɗauka, in ji ta ƙwanƙwasa bakin wayar sau biyu da ƙarfen yatsanta na ɗinki. In ce, "Ina nan, sai na binne ki." In ji hucin dariyarta, ta kife.

Ranar da zan fara Saburo, Wendell ya roƙe ta ta zo ta zauna bayan gilashi, in na kauce daga yadda take yi ta ɗaga hannu. Ta zo da allonta, ta kawo min takardunta da duk alamomin da ta yi da jan biro. Ta gyara min wuyan riga, ta nuna min babban yatsa. Na shiga, na ajiye fulas a ƙasa, na sa abin ji a kunne. Rawle ya sako min muryarta ta kashin baya don in kama. Wuyar ba ta kama muryar ba ce, wuyar ita ce cire gugar da na yi shekara ashirin da shida ina yi. Layi na farko ta ɗaga hannu. Na biyu ta ɗaga. A na biyar ta sauke, ta yi murmushi, ta rubuta a allo ta manna a gilashi: "Ni ce sak."

Daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na manta da kowa, na koma Verlyn ta Toronto. Muka juya shafi na uku, sai ga Saburo ya ɗaga takobi, ƙit, ƙit, ƙit. Sabo turken wawa. Hannuna ya ɗaga da kansa, bakina ya buɗe da kansa.

"Tsaya, Rawle, tsallake wannan. Ihu sai a ƙarshe. Wa ke ihu da sanyin murya? Ko ɗan koyo ya san wannan. In mun gama magana ma dawo, kuma sau uku ne, in bai yi ba sai gobe. Ku jera wa mutum talatin da sassafe ai jini zai tofar. Ni ba zan kashe muryata a kan katun ba."

Na sunkuya na ɗauko fulas, na buɗe, ƙamshin citta ya cika ɗakin. Sai da na kai shi baki na lura babu wanda ya amsa.

Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan, lasifika ke kai shi bayan gilashi. Wendell ya saki baki. Rawle ya sunkuyar da kai kan maɓallansa. Marva tana kallon fulas ɗin, ba ni ba. Fulas ɗin da take gani a hannuna kullum wata tara, tana tsokanata wai na zama tsohuwa mai yawo da shayi. Ta goge allon da gefen hannunta, ta yi rubutu a hankali, ta tashi ta manna shi a gilashi.

"Tun yaushe kika sani?"

Ni da na yi shekaru ina sa mutane su yarda sabulu ba ya cin hannu, na nemi ƙarya ɗaya na rasa. Jan fitila tana kunne, makirfo yana gabana.

"Tun Toronto," na ce.

Ta gyaɗa kai sau biyu, kamar mai awo ta ji lambar da take zato. Ta kwance ɗankwalin daga wuyanta, ta ninke shi, ta ajiye kan kujera. Ta ɗauki jakarta da allonta ta fita. Ina jin takunta a matakala ta cikin abin kunne, har ya ɓace. Da na cire shi na bi ta, wataƙila da yanzu wani labarin nake ba ku.

Can Wendell ya danna maɓalli, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tanti Verlyn, za mu ci gaba ne?"

Na ci gaba. Kuma na yi kyau, nan ne abin ya fi muni. Da muka zo kan ihu a ƙarshe, sau ɗaya na yi, daga ciki, sakan goma sha biyu cif, Rawle bai ce a sake ba. Tun daga ranar bai ƙara kirana Tanti ba, sai Misis Quashie.

Kashi na ƙarshe Saburo da mayya ne kaɗai a kan dutse, wato ni da ni. Da safe na yi mayyar tana roƙo, da rana na yi Saburo yana ƙin yafe mata. An ce ranar da aka nuna shi har manya sun yi hawaye. Wasiƙu buhu guda aka kai Belmont. Makarantu suka riƙa gayyatar Marva ranar rabon kyauta, ta je ta ɗaga wa yara hannu, a ce musu Saburo yana hutun murya. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko mijinta. Da ta tona ni da na samu abin yin faɗa a kai.

Muryar ta dawo bayan wata biyar, ɗan abin da ya dawo. Masu kai mata ɗinki sun ce sai ka matsa kusa kake ji, kamar ana jan takarda a kan siminti. Ni ban ji da kunnena ba. Na je gidan sau uku, na ga labule ya motsa, keke ya tsaya, ba a buɗe ba. Na huɗu na bar fulas na citta a bakin ƙofa. Washegari na same shi a bakin tawa ƙofar, a cike, ya huce.

Kada ku ɗauka na warke. Kwanan nan a cikin bas wasu ƙarti biyu masu gemu suna hirar yarintarsu, ɗaya ya ce duk ihun Saburo babu kamar na kashin ƙarshe. "Matar nan ta Belmont," ya ce, "ba a sake yin irinta ba." Wallahi sai da na juya zan ce nawa ne, ni na yi shi, sau ɗaya tak. Na tuna abin da zai biyo bayan wannan maganar, na juya na kalli taga.

Tashar takan maimaita shi lokacin hutun makaranta. Ina kallo daga na ɗaya zuwa na talatin da tara, in an zo na arba'in in kashe. Babu wanda ya taɓa gane inda aka yi ɗinkin, daga ni sai Marva, Mama mai kunnen da za ta gane kuwa tana maƙabarta. A maimaicin farko na ɗauki kashi na bakwai a kaset, na yi ta juyawa har na tsayar da shi daidai bakin ramin.

Har yau ƙarfe shida nake farkawa, wayar ba ta ƙara. Sai in tashi in danna kaset ɗin, Saburo ya leƙo da gashinsa a tsaye.

"Kai, ka mutu ne ko kana nan?"

"Ina nan," nake cewa. Sauran rabin ba ya fita.